Layin da Bai Taɓa Karkacewa Ba

Kafin ya zauna, sai da Malam Rula ya gyara kalandar da ke bangon ofishin, don ta ɗan karkata hagu. Masinja ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi idon tsohon, ya haɗiye abarsa.

Ɗalibansa ne suka laƙa masa sunan, tun yana hedimasta, yana jera su a filin taro da kirtani, ƙafa daidai da ƙafa. Ya yi ritaya, halin bai yi ba. Har yau kirtanin yana aljihun rigarsa, kuma ba ya iya wuce karkataccen abu, ko na wane ne.

Amma yau suna ya zo nema, sunan mutum ɗaya da zai kai gaban alƙali.

Gidansa yana saman tudu, na 'yarsa Auta yana gindin gangare. Ana tsakiyar damina, da hantsi, tudun ya zaftaro ya binne unguwar. Auta tana wanki da goyo a bayanta, a nan ƙasa ta rufe su. Babbar jikarsa, mai ce masa "angona mai sanƙo", an tono ta da takalmin makaranta a ƙafa ɗaya.

Ga taswira a bangon wannan ofis na hukumar da ke auna haɗarin zaftarewar ƙasa. Inda ake tsoro an shafa ja, inda aka amince an shafa kore. Unguwar Auta kore ce shar.

Injiniyar da ta yi aikin ta shigo, matashiya ce, ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa ruwa.

"Ban zo shan ruwa ba, yarinya. Ta'aziyya kuma ku riƙe abarku. Wa ya shafa koren nan?"

"Ni ce, Baba."

"Madalla, ko ba komai kin iya amsa tambaya." Ya miƙe, muryarsa ta koma ta filin taro. "Na ga aikin naku ai. Bara kun zo da motoci da huluna masu ƙyalli, kun kakkafa turaku a bayan lambuna kamar masu shirin ɗaure awaki, kun kaɗe riga kun tafi. Sai a ga dama a leƙo. Da ɗalibina ne ya yi wannan aiki, sifiri zan ba shi, in bi shi da bulala!"

Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa.

Injiniyar ba ta kare kanta ba. An riga an dakatar da ita, kuma tun ranar ba ta daina tambayar kanta ba. Ta jawo fensirori daga kan tebur, ta jera su a layi.

"Haka muke kafa turakun, Baba. Na farko da na ƙarshe a jikin dutse, inda ba ya motsi. Na tsakiya a cikin ƙasa. Tudu ba ya faɗowa rana ɗaya, jan ciki yake yi a hankali, yana tafiya da turakun tsakiya." Ta tura fensir biyu da yatsa, layin ya yi ciki. "In ka tsaya a wannan bakin ka hango wancan, za ka gani. Shi ne kaɗai bakin da tudu yake mana magana da shi. Da layin ya goce ko da faɗin yatsa, wallahi da mun kwashe kowa."

Malam Rula ya zuba wa fensirorin ido. Hannunsa ya ɗaga zai mayar da su, ya tsaya a iska.

"Mun gargaɗi yara, mun gargaɗi masu kiwo, kada su taɓa. Duk zuwan da muka yi, layin nan a miƙe yake sambal. Har raha muke yi, wai ba mu taɓa ganin tudu mai ladabi irinsa ba." Ta ɗago ta dube shi. "Ban san inda na kuskure ba. Amma suna kake so, Baba, rubuta nawa."

Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko biro. Yatsunsa masu kanta suka taɓo kirtanin, ya bushe ƙamas da jar laka.

Wannan kirtanin ne yake ja a bayan lambunsa duk safiyar da aka kwana ana ruwa, yana tsaki, yana la'antar ragwayen ma'aikata, yana tuge turakun da suka goce yana mayar da su layi da guduma.