Mai Ƙwanƙwasa Kofuna

"Kwali goma sha biyu na kofuna aka dawo mana da su, tsoho! Duk a tsage!" Manajan inganci ya dire kofin tangaran a teburina, yana huci.

Shekara talatin aikina ɗaya a masana'antar nan, in ƙwanƙwasa kofi da cokali. Lafiyayye ya yi ƙara siririya kamar kukan tsuntsu, mai tsaga ya yi gum. Shi kuwa manaja, kowane wata sai ya ɓullo da sabon gyara. Watan jiya ya ɗauke ni daga tsakiyar masu gasa kofuna, ya kai ni ɗaki ni kaɗai, wai don in fi ji.

"Na raba ka da hayaniya, ka saka mini da shirme! Ko ka faɗi dalili, ko ka ajiye cokalin ka kama gabanka yau."

"Mayar da ni cikin mutane, ɗana."

"Ni ba ɗanka ba ne! Dalili!"

Na shafa cokalina, na ce, "Shekara bakwai rabona da jin ƙarar kofi. Ihunka kawai ke shiga kunnena. Idan na ɗaga cokali, fuskar wanda ya gasa kofin nake kallo. Wanda ya yi ha'inci sai ya kau da ido."

Ya leƙa waje, ya dawo kusa da ni. Karo na farko ya yi mini magana ƙasa-ƙasa. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga ya naɗe hannun riga, ya kama gefe ɗaya na teburina, ya yi mini nuni in kama ɗayan mu fita da shi.