Shirun Bakin Tafki

"Umma, yau ma kun yi faɗa da Abba ne?"

Cokali ya tsaya a hannun Umma. Jiya ita da mijinta suka baro hayaniyar birni zuwa wannan gidan hutu na bakin tafki, don 'yarsu ta sha iska. Ba abin da ba ta ƙullo a jaka ba: gidan sauro, maganin zazzaɓi, rigar sanyi.

"Faɗa kuma, 'yar lele? Wa ya gaya miki?"

"To ai ko'ina ya yi tsit. A gida in aka yi shiru haka, kina banɗaki kina kuka, Abba yana cin abinci shi kaɗai."

Umma ta dubi mijinta. Tun haihuwar yarinyar suke haɗiye magana, ba su taɓa ɗaga murya a gabanta ba, a zatonsu kariya ce gare ta.

Ya kife wayarsa, ya kamo hannun matarsa, ya dubi 'yarsa. "Wannan shirun na hutu ne, uwata."

Yarinyar ta leƙa idon Umma tukuna, kafin ta ɗauki burodinta.

Iyaye, ku yi hattara: yaro yana jin shirunku fiye da ihunku.