Hannun Daman Darakta

Babu Darakta yanzu. Kujerarsa na nan a ƙuryar ɗakin zane, amma shi an tsince shi da hantsi a lungun bayan kamfanin, kwance cikin jini, an farfasa masa kai da rodi.

Matarsa ce ta fara isa asibiti. Da ta yaye mayafin, ta nemi fuskar da ta sani ta rasa. Hannun hagu ya kakkarye tun daga yatsu har gwiwa, ƙashi ya huda fata. Na daman kuwa sai a cikin riga ta same shi, cushe a hammata, ko ƙwarzane babu. Da shi yake zane. Ta zaro shi da ƙyar, ta miƙar da shi, ta mayar da mayafin kafin dangi su shigo. 'Yan sanda suka zo suka tafi, suka ce ɓarayi ne, alhali wayarsa na aljihu. Tun ranar abu ɗaya ya rage mata a duniya: ta san wanda ya yi.

Darakta da ƙaninsa suka kafa kamfanin, na fim ɗin zane mai motsi, a wani shago bayan rumfar mai faci, da kwamfuta ɗaya da fanka mai kukan tsufa. Da tallan sabulu suka fara. Daga nan waƙoƙin yara, daga nan katun ɗin wani manomi mai taurin kai da ke fama da 'yan fashi, wanda ya sa yaran gari suka daina jin kiran iyayensu da yamma. Matar Darakta ce mai sa wa zanen kala tun kafin a yi auren. Da wani babban gidan talabijin ya nemi haɗiye su, Darakta ya ce ba zai zama yaron kowa da furfura a kansa ba. Ƙanin, da ya so a amince, ya koma kan zanensa kamar yadda ya saba.

Mai Fensir ake ce wa ƙanin, kuma shi ke zana motsi. Yana da wata cuta da kowa ya sani: abin da bai gani da idonsa ba, hannunsa ba ya zanawa, ko za a kwana ana ba shi labari. Ya taɓa sa an shigo da akuya ofis don ya ga yadda take tauna. Direban kamfanin kuwa ya sha faɗuwa daga kan tebur don Mai Fensir ya ga yadda ake faɗuwa, har yana cewa a ƙara masa suna a cikin 'yan wasa ko a saya masa sabon ƙugu.

Lokacin rasuwar an ce Mai Fensir yana wani gari wurin nuna fim. Sai bayan an binne ya iso, ya zube a ƙofar gida yana kuka, har ita da aka kashe wa miji ta koma tana ba shi haƙuri.

Da ta dawo aiki ta tarar ya rame kamar tsinke. Ya ce tunda Darakta, mai manomin, ya tafi, manomin ma mutuwa zai yi, a rufe shirin da shi. Ya kulle kansa a ɗaki yana zane, ba ci ba wanka. Direba ya yi ta murna, yana gaya wa masu ɗaukar murya cewa wannan karon ƙugunsa ya huta, ba a kira kowa ya faɗi ba.

Da rana tsaka Mai Fensir ya tura mata zanen a kwamfutarta.

"Matarmu, in ba za ki iya ba, a ba wani."

"Ƙaramin miji, jan kala ne kawai. Wanda na gani ya fi wannan ja."

Ta fara bi hoto bayan hoto, yadda aikin yake. Sandar farko ta sauka a ƙeyar manomin, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ta biyu ta fasa kunne. Ta zuba ja. Manomin ya ɗaga hannun hagu yana karewa, yatsun suka karye ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hotonsa. Haƙori ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ba ta taɓa ganin motsi mai rai irin wannan daga hannun ƙanin mijinta ba.

Wata mai gyaran hoto da ke leƙe ta bayanta ta ce an yi kuskure a nan, wa ake duka haka ya kare kansa da hannu ɗaya? Ina ɗayan?

Matar Darakta ta matsa gaba da hoto guda. Manomin ya cusa hannun damansa cikin riga, ya danne shi a hammata.

Ta daina zuba kala. Mai Fensir ya ga kisan da idonsa ke nan. Zuciyarta ta shiga nema masa uzuri: wataƙila bai yi tafiyar ba, wataƙila ya laɓe a bayan bola yana kallo, tsoro ya ɗaure masa baki. Ai ɗan'uwansa ne, ciki ɗaya. Ta koma hoton farko ta sake bi a hankali, tana neman inda mai kallon ya tsaya.

Ku taya ni cewa amin: Allah ya jiƙan Darakta, ya kuma ba matarsa ƙafar da za ta kai ta wurin hukuma. Domin babu hoto ko ɗaya da aka zana daga gefe. Dukansu daga sama ne, manomin na ɗago ido yana kallon mai zanen, kuma a gindin kowane hoto ga hannaye biyu riƙe da sandar.