Irin Kindirmon Kaka

Sakamakon gwaji ya fito saura kwana tara in kare kundin digirina a Tashkent. Shekara uku ina nazarin ƙwayoyin halittar da ke cikin kindirmon gidanmu, yadda suke cinye sukarin madara da cikin wasu mutane ba ya iya narkarwa, su mai da shi tsami. Kowa ya san Kaka, mahaifiyar babana, ce ta sauko da irinsa, wato ɗan tsohon kindirmon da ake zuba wa sabuwar madara, daga ƙauyensu na kan dutse tana amarya, kuma bai taɓa yankewa ba. Haka na rubuta a shafin farko.

Na'urar gwaji ta ce ƙwayoyin na kamfani ne, irin na kindirmon cikin roba da ake sayarwa a kanti.

Na hau jirgin ƙasa zuwa gida, Samarkand. Na tarar da Mama tana yanka karas na shinkafa.

"Mama, na'urarmu ce ta lalace, ko akwai abin da ban sani ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na'urarku lafiyarta lau. Shekarar da kika yi ƙyanda, kwana goma sha biyu muka yi a asibiti. Na dawo na tarar tukunyar ta yi funfuna. Na wanke ta, na je kanti."

"Kaka fa? Ba ta gane ba?"

"Shekara goma sha ɗaya ta ƙara tana sha. Kullum sai ta lashe cokali ta ce matan yanzu ba za su iya wannan ba."

Ta miƙo mini wuƙa. "Ki gyara takardarki yadda kika ga dama. Amma ki tuna babanki na da hawan jini."