Faifan da ba a rufe wa baki ba

Ina aji huɗu a Bambeye mushenmu, malamin ajinmu, ya ara mini hoton wani gungun taurari mai nisa, can sararin kudu: farar sanda a tsakiya, hannuwa biyu sun nannaɗe ta. Da la'asar na kai wa Innata, tana ɗinkin faifai. Ta bi zagayen da tsinin basilla.

"Wanga ai faifai na," ta ce. "Mai shi bai dai rufe baki ba."

Na fizge hoton, na ce me wadda ba ta yi karatun lakwal ba ta sani. Ta koma ɗinkinta.

Yau ni ke koyar da darasin taurarin nan, da maganarta nake farawa, yara su gane nan take. Ita ce ban taɓa gaya wa ta yi gaskiya ba har ta rasu.