Telan da Ya Karanta Awon 'Yarsa

A wani gari na ƙasar Indiya an yi wani tela mai 'ya guda, 'yar shekara goma sha biyar, mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai ƙiba ta hana ta sakat. Matakalar aji kaɗai in ta hau sai haki, ga 'yan ajinsu da zolaya, har ta fara cewa ita da makaranta haihata-haihata. Uwar ta sa wa ɗakin girki kwaɗo, ta rage mata shinkafa, ta yi faɗa har muryarta ta dashe. Duk a banza. Yarinya ta koma cin soye-soye da kayan zaƙi a ɓoye, tana turawa tana hawaye.

Uban ba mai yawan magana ba ne, amma yana da ido. Shi ke buɗa mata kayan makaranta in sun matse ta, kuma bisa al'adar sana'arsa kowane awo sai ya rubuta da kwanan wata. Ran nan ya bi awon daki-daki, sai ya ga a hutu ba ya motsi, a watannin jarrabawa yake tashi. Kunya ta kama shi, domin shi ya ɗora mata darasin asuba da na yamma, shi ne kuma ke tambayar ta nawa ta zo tun ba ta ajiye jaka ba. Bawan Allah bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya cire kwaɗon, ya soke darasin yamma, kullum sai ya rufe shago ana tsakiyar ciniki ya je makaranta ya taho da ita a ƙafa ta doguwar hanya. Mako biyu suna wannan tafiya. A na uku ta ce, "Baba, ina tsoron ranar da zan zo ta biyu." Ya ce, "Ki zo ta goma ma, ni ne dai ubanki."

Ƙibar ba ta zube a rana ɗaya ba, ba a haka. Amma ba ta bar makaranta ba, kuma ana gobe jarrabawa ta ci rabin abincinta, ta ture kwanon ta ce ta ƙoshi, kalmar da aka shekara biyu ba a ji daga bakinta ba. Kowa ya ga cin, telan nan kaɗai ya nemi mafarinsa. Hausawa sun yi gaskiya: ruwa ba ya tsami banza.