Mai Riƙon Jatau

Da hantsi, ruwan jiya bai gama bushewa ba, wata tsohuwa ta tsaya a rumfar Ɗanliti baduku.

"Kai ne mai riƙon Jatau?"

"Ni ne, Iya."

Tun da aka gama yaƙi, doka ta ba kowane gida sunan wani da ya mutu cikin abokan gaba, a riƙe labarinsa. In danginsa suka zo tambaya aka kasa, sai a karɓe sunan. Shekara tara Jatau yana hannun Ɗanliti, har 'ya'yan Ɗanliti kawu suke ce wa Jatau.

"To, faɗa mini labarin ɗana."

Ya ajiye basilla, ya gyara zama. "Bahago ne. Yana son ƙanzon tuwo, yana tsoron dinya. Ɗiban ruwa ya je aka harbe shi."

"Su wa?"

"Mutanenmu, Iya. Rundunar babana."

Ta daɗe tana kallonsa. "Agwagwa yake tsoro, ba dinya ba. Gyara wannan, ka ci gaba da riƙe shi."

Za ta tafi ya ga igiyar takalminta ta tsinke. Ya karɓa ya ɗinke, ta saka ta wuce.